Kada Motarka Ta Tsaya a Ƙofar Yagana

Bulumkutu, Maiduguri

Babagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka a Ibadan cikin ƙoshin lafiya, ka sauka ba ciwon kai ba ciwon baya, kayanka ba abin da ya ɓata. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da maƙwabta marasa kiɗa. Na cusa takardar a ƙarƙashin ƙullin busasshen kifi, domin na san ko ba ka buɗe littattafanka ba, kifin za ka buɗe. In ta yi ƙarni ka yi haƙuri, abin da ke cikinta ma ba ƙamshi gare shi ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Magana ce da na kasa yi maka baki da baki. Kai ɗan fari ne, kuma sunan surukina gare ka. Shekara da shekaru ina aikin jinya, ina yi wa matan mutane bayanin ciwon sanyi da tunjere ban taɓa sunkuyar da kai ba, amma a gabanka harshena nauyi yake yi. Ban da haka raina a ɓace yake, ni kuwa in raina ya ɓaci muryata katanga take haurawa, wannan magana kuma ba ta maƙwabta ba ce.

Ka tuna ranar da kawunka Modu ya zo yi maka sallama, kuna zaune a gindin darbejiya bayan la'asar, ni ina gefe ina tankaɗe. Ya ce maka, "To Likita, wannan karatu da ba ya ƙarewa, na mene ne kuma?" Ka gyara zama ka yi masa bayani, cewa so kake ka gano yadda cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa suke yawo a cikin gari, wa suka fi kamawa, ta ina suke bi, don a san inda za a tare su. Ka ce a can za ka tsara binciken tare da malamanka, bayan damina ka dawo ka yi shi a nan. Har zuwa nan daɗi nake ji. Sai na ji ka ce ai ka ma hango wurin da za ka riƙa ganin mata, gidan Yagana mai dilka, mai gyaran jikin amare. Ka ce mata sun saba shiga gidan, amare da 'yan rakiyarsu, ba mai ɗaga ido ya dubi wadda ta shiga. Ɗaki ɗaya za ta ara maka, motar aiki ta riƙa kawo kaya tana kwasar jini zuwa wurin gwaji. Kawunka ya tafa hannu ya ce, "Wannan ita ce dabara." Ni kuwa rariya ta tsaya a hannuna.

Kawunka taya yake sayarwa, a kan taya nake karɓar shawararsa. A kan wannan ka saurare ni. Labari zan ba ka, kuma a hankali zan ba da shi, yadda kakata take yi mana tatsuniya, ba ta kai ƙarshe sai ta tabbata kowa ya san hanyar da aka biyo.

Lokacin kana firamare, a shekarun da ƙanjamau ya shiga bakin mutane har ba a son kiran sunansa sai a ce ciwon nan, aka kawo wani bincike irin naka. Aka ɗauko mu daga asibitoci, ni da wasu 'yan'uwana ma'aikatan jinya. Shugaban aikin wani likita ne da ya zo daga nesa, mutumin kirki, ya san lissafi kamar shi ya haife shi. Ya tsaya a gaban allo ya nuna mana dalilin da ya sa ba za a bar mu mu zaɓi gidaje da kanmu ba. Ya ce in aka bar mu, gidan da muka san mutane za mu shiga, ko gidan da ke da inuwa, ko gidan da muke zargi, daga ƙarshe abin da ke cikin kanmu za mu auno, ba abin da ke cikin gari ba. Saboda haka ƙuri'a ce za ta nuna inda za a fara, daga nan a riƙa tsallake gida tara ana shiga na goma. Gaskiyarsa ce, har gobe ban ga aibin wannan tunani ba. Abin da bai sani ba, mu ma da muka tashi a garin ba mu tsaya mun tuna ba, shi ne maƙwabta ba su zauna a gaban allon nan ba.

Aka ba mu farar mota, ƙofarta ɗauke da rubutu manya-manya da jan zane wanda ko yaro ya san na mene ne. Ni kuwa a lokacin ji nake kamar an naɗa ni sarauta. Na goge farar rigata ta yi ƙarfi, na zauna a gaba, in mun biyo ta Hausari har sauke gilashi nake yi don 'yan unguwar da na tashi su ga inda karatu ya kai ni.

Da muka shigo Bulumkutu lissafi ya faɗa gidan Falmata, mahaifiyar Yagana. Kai ka san ta ne tana tsohuwa, mai carbi a hannu da dabino a bakin zane tana ba ku. A wancan lokaci ba wata mai gyaran amare da ake kira kafin ita. Daga GRA ake kawo mata 'ya'yan manya. Ta killace amarya a ɗaki, ta murje ta da dilka, ta cire gashi da halawa, ta turara ta har ƙamshi ya kama fata, yarinya ta fito kamar an sake ta sabuwa. Ka lura da irin sana'ar. Hannu ne a kan fata. Uwa ce take miƙa 'yarta ba lafaya ba zane ga wata mace ta ce ga ta nan. Sana'a irin wannan ba tukunya ke riƙe ta ba, ba turare ba, yarda ce kawai cewa hannun nan mai tsabta ne.

Direba ya tsallake gidajen da aka ce ya tsallake, ya tsaya cak a ƙofarta. Muna sauke kular ajiye jini da akwatin allura, wata maƙwabciya ta leƙo ta zaure ta ce, "Sista, mu ba za a shigo mana ba?"

Na ce, "A'a, gidanku bai faɗo a cikin lissafi ba."

Ta ce, "To alhamdu lillahi."

Dariya na yi, Babagana. Har na ba abokiyar aikina labari a mota muka sake yin wata dariyar. Ban ji abin da matar ta faɗa ba, alhali da Hausa ta faɗe shi.

Falmata ta tarbe mu hannu biyu. "Wushe, Sista Hauwa, wushe da rana. Ku shigo, ƙafarku da albarka." Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwan randa. Akwai amarya a ɗaki tare da gwaggonta, an kai tsakiyar gyara. Muka ja Falmata gefe muka yi mata tambayoyinmu, muka ɗebi jini, muka sa a kula a gaban idon gwaggon nan. Da za mu tafi har 'yar kwalbar humra ta ba ni.

Ba zan gaya maka sakamakon gwajinta ba, ko da yake kai likita ne ita kuma tana ƙasa, Allah ya jiƙanta. Kuma ba shi ne maganar ba, domin ba wanda ya jira shi. Kafin jinin ya isa wurin gwaji, gwaggo ta naɗe kayan amaryarta ta fice da ita, rabin jiki a gyare. Waɗanda suka kama rana suka riƙa aiko da uzuri, wannan an ɗaga biki, waccan an samu wata a dangi. Ba wanda ya taɓa faɗa mata ko kalma ɗaya a fuska. A majalisa da gidajen suna ake cewa motar masu ciwon nan ta tsallake gidaje reras ta tsaya a ƙofar Falmata, mota kuwa ba ta ɓatan hanya. Mijinta direban babbar mota ne a hanyar Gamboru, sai aka haɗa wannan da wancan, lissafin unguwa ya fita ba saura.

Ta same ni a asibiti, ta jira har na sallami masu awo, ta ce, "Sista, ke kika zo. Ki koma ki gaya musu." Na kai maganar wurin shugaban aiki, hankalinsa ya tashi, ya ce a je a yi wa mutane bayani. Muka nemi Bulama, mai unguwar, ya tara maza a ƙofar gidansa. To, da wace mota kake tsammani muka koma? Da ita. Muka sake ajiye ta a layin, dab da ƙofar Falmata, don nan ne inuwa take. Na tsaya na yi bayanin ƙuri'a da Hausa, wani ya mayar da Barbarci, na maimaita. Da na gama wani dattijo ya shafa gemu ya ce, "Mun ji, 'yata. Amma ita ƙuri'ar me ya hana ta faɗa gidan liman?" Aka yi dariya aka watse. Washegari labarin da ya zaga shi ne motar ta sake dawowa, abin ya tabbata.

Tukwanen dilka suka bushe. Matar da manyan gari suke layi a zaurenta ta koma yi wa mutane surfe da wankau. Mun ci gaba da zumunci, kamar yadda ka tashi ka gani, ba ta taɓa juya mini baya ba. Abin da ta taɓa cewa kawai, tana dariya, shi ne, "Sista, ni ban riƙe ki ba. Amma motar nan, ko a lahira na hango ta sai na canza hanya."

Da rahoton ya fito aka kira mu taro aka raba lemo. Aka yaba da yadda mutanen Bulumkutu suka ba da haɗin kai. Gidan Falmata yana ciki, a cikin waɗanda suka amsa tambaya suka ba da jini ba gardama. Na duba daga farko har ƙarshe ban ga inda aka rubuta amaren da suka fice ba. Wannan shi ne abin da har yau yake tafasa ni. Masu bincike suna auna komai, ban da ramin da ƙafarsu ta bari a ƙofar mutane. Su tattara kaya su koma inda suka fito da digirinsu, wadda aka ɗebi jininta ta zauna da maƙwabta har ta mutu.

Yanzu kai, ɗan da na haifa, ka tashi za ka mayar da mota ƙofar nan. Yagana ta yi shekaru tana tayar da abin da muka rushe. Da baƙi ta fara, waɗanda ba su san labarin ba, sannan 'ya'yan waɗanda suka manta, har yau ga shi sai an kama layi. Ka ce ba mai ɗaga ido ya dubi wadda ta shiga gidan. Gaskiya ne, saboda an san abin da ake shiga yi. Ranar da aka ga kula tana fita, ranar ido zai buɗe, kuma tsofaffin da suka ga motar farko ba duka suka mutu ba. Wasu suna nan, sai dai haƙora ne babu, baki yana aiki.

Ba cewa nake ka bar aikin ba. Na wanke jarirai da idonsu yana zubar da ruwa saboda ciwon da uwa ba ta san tana da shi ba. Na ga matan da aka yi ta kai su wurin masu magani a kan rashin haihuwa, alhali da an kama abin da wuri da allura da ƙwaya sun isa. Aikin nan sai an yi shi, kuma gara ɗan gari ya yi. Ƙuri'ar ma kada ka bari. Amma ka sa ta zaɓi layi, ba gida ba. In ta faɗa layi, ka shiga kowace ƙofa, ta mai kuɗi da ta mai wankau, ta Bulama da ta liman, don kada dattijon nan ya sake samun abin tambaya. Ka tafi da abin awon hawan jini da na suga, kowa ya samu dalilin da zai faɗa wa maƙwabcinsa. Ku je a keke-napep kamar kowa, ba rubutu ba zane. Na san malamanka za su ce 'yan layi ɗaya kama da juna suke yi, sai an ƙara yawan mutane kafin lissafi ya tsaya. To a ƙara. Wahalarka ce za ta ƙaru, kuma kai ka ɗauko aikin.

Ko da babu tarihin motar nan ma, ina mamakinka. Su wa ke zuwa gidan dilka? Amare ne, da matan da mazansu ke da halin biya. In ka auna su ka ce ka auna Maiduguri, daidai kake da wanda ya zaga kasuwar kifi ya dawo yana ba da labarin abin da ke cikin tafki. Kuma mata ne zalla. Wannan kuskure ni ma na daɗe a cikinsa. A asibiti mata masu ciki muke gwadawa, don su ne suke kawo kansu awo. Wata bayan wata muna aika adadi sama, duk na mata, har ni kaina na fara ganin ciwon kamar na mata ne. Akwai wadda na yi wa magani ta warke, ta dawo da shi, na sake yi ta sake dawowa, na rufe ta da faɗa a kan tsabta. Ta bari na gama ta ce, "Sista, ni kaɗai kike ba maganin, shimfiɗar kuwa mu biyu ne." Maigidan nata ko ƙofar asibiti bai sani ba. Maza ba sa zuwa. Kemis suke tsayawa, su jira mutane su ragu, su ce a ba su na fitsari mai zafi, su sha rabi su ajiye rabi don gaba. Ba sa cikin lissafin kowa, sai a wayi gari a rediyo ana yi wa mata wa'azi.

Saboda haka in tsarinka bai nuna yadda za ka kai ga maza ba, a tasha da kasuwa da majalisa da ofis, maza 'yan'uwansu suna yi musu tambaya, to ba yaɗuwar cuta kake bincike ba, rabin hanya kake kallo. Kuma duk wanda ka samu da ciwon, maganinsa ya kasance a hannunka a ranar, nasa da na abokin zamansa, tare da dabarar da za a ba ɗayan ba tare da gida ya kama da wuta ba. Wanda ya ɗebi jinin mutum ya gano ciwo ya tafi rubuta rahoto, ban san sunan da zan kira shi ba a takardar da ɗana zai karanta.

Sannan ka kiyayi jan alƙalami a kan taswira. Ku 'yan zamani kwamfuta tana zana muku gari ta shafa wa wata unguwa ja, ku ji daɗi. Unguwar nan 'yan mata ne a cikinta da ake nema, da samari masu neman aure a wasu unguwanni. Kuma gwaji na rana ɗaya ba ya gaya maka wa ya ba wa. Hoto ne, ba ya nuna wanda ya fara shigowa ɗaki. In kana son sanin hanyar da ciwo ke bi sai ka bi mutane a hankali, ka koma ka sake komawa, ka ga wanda a da ba shi da shi yanzu ya samu. In ba ka da halin yin haka, ka faɗi iya abin da hotonka ya nuna ka yi shiru. Tun da mutanen ƙauyuka suka gudo suka cika garin nan nake jin masu takalmi mai ƙyalli suna cewa su suka kawo mana cuta. Ƙarya ce. Ina yi wa 'yan asalin garin nan allurar ciwon sanyi tun waɗannan bayin Allah suna gonakinsu. Kada aikinka ya zama sandar da za a ƙara dukan wanda ya riga ya faɗi.

Saura maganar yarda, ita ce ta kai ni gidan Yagana shekaranjiya. A zamaninmu in Bulama ya ce ya yarda, sai mu ɗauka unguwa ta yarda. Mace ta dangwala yatsa a takarda, mijinta yana tsaye, tafinta kuwa ɗan maƙwabta ne wanda gobe za ta haɗu da uwarsa a wurin ɗiban ruwa, mu rubuta cewa da son ranta ta amsa. Dole ka gaida Bulama, ba a shiga unguwa ta bayan gida. Amma izininsa na shiga layi ne, ba na shiga jikin mutum ba. Wanda ba shi da ikon cewa a'a, to ɗinsa ba to ba ce.

Na tarar da gidan cike, hayaƙin turare har zaure, amare a ɗaka ana ta shewa. Ta fito hannunta duk dilka, ta durƙusa ta gaishe ni. Kafin in buɗe baki ta ce, "Mama, ai na ji. Matar Kawu Modu ta gaya mini. Zo ki gani, har na share ɗakin."

Ta kai ni ɗakin da take ajiye tukwanen turare. Ta kwashe su tas ta jera a tsakar gida cikin rana, ta wanke daɓen, har sabon labule ta rataya.

Na ce, "Yagana, kin manta abin da ya sami uwarki?"

Ta ce, "Ni kuwa zan manta? Ni nake raka ta gidajen da take surfe."

"To wannan fa?"

Ta dubi hannunta ta ce, "Mama, Babagana ne fa. Ke kika karɓi haihuwata duka. Ranar da mahaifiyata Ya Falmata ta cika ke kika rufe mata ido. In ya zo ya tsaya a zauren nan ya tambaya, da wane bakin zan ce a'a?"

Na ce, "In amare suka gudu fa?"

Ta yi ɗan murmushi irin na uwarta ta ce, "Turmin yana nan, ban sayar ba."

Ka ji, Likita. Ko tambayar ba ka yi ba, an riga an ba ka amsa, kuma an riga an tanadi turmin da za a koma. Ita ba za ta taɓa hana ka ba. Abin da zai tsare gidan nan guda ɗaya ne, kada ka tambaya.

Na san za ka ce to ina za ka ga mutane. Wanda yake buƙatar a duba shi a keɓe, ka tura shi asibitin unguwa inda mai zazzaɓi da mai ciwon haƙori suke shiga ta ƙofa ɗaya. In kuma lallai sai an fara ganin kayan aikinka a ƙofar wani, ga tamu. A nan za ka fara sauke kularka, da rana tsaka, lokacin da layi ya cika. Ni zan zauna a zaure in naɗe hannun riga ka ɗebi jinina kowa yana gani. In ƙuri'arka ba ta faɗo layinmu ba, ko shekaruna sun wuce na tsarinka, ka zubar da jinin kada ka sa shi a lissafi, ba zan ɓata maka aiki ba. Ido nake so ya gani. Ni na gama aurar da wanda zan aurar in ban da kai, kuma ba wanda yake kawo mini 'yarsa in murje.

Daga gidan Yagana shagon kawunka na wuce. Na ce masa tun da shi ya ce dabara ce, bayana shi ne zai miƙa hannu, a zauren gidanmu, a gaban 'yan majalisarsa. Ya ajiye tayar da ke hannunsa ya ce, "Haba Yaya, ni? Mutane su ce me?"

Na ce, "Au. Kai da roba kake taɓawa daga safe har yamma kana tsoron abin da mutane za su ce. Ita mai taɓa 'ya'yan mutane fa?"

Ya aika a kawo mini shayi. Da na tashi tafiya ya rako ni bakin titi, ya tsayar mini da keke, ya ce, "Ki ce masa allurar ta zama ƙarama." Saboda haka ka samu mutum biyu, ka nemo sauran ta hanyar da za ka iya haɗa ido da su bayan shekara ashirin.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗe maka karatu, ya sa aikin hannunka ya zama magani ba tabo ba. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na dare da na abokin banza, ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙe salla, ka rage barkonon mutanen can, cikinka ba irin nasu ba ne. Ƙannenka suna gaishe ka.

Na ce wa Yagana ta mayar da tukwanenta ɗaki kafin rana ta kashe mata turare. Ta ce sai ta ji daga bakinka. Suna nan a tsakar gida har yanzu. Ka kira ta kafin ka taɓa kifin nan.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hauwa